A Ƙasar Maraɗi, Mai Gudun Hijira Yana da Inda Zai Kai Kuka

Bakatsine ba ya baƙunta a Maraɗi. Sarkin garin har gobe Sarkin Katsina ake kiransa, manyan fadarsa kuwa su ne Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi, sunayen da uku daga cikinsu muke ambata kullum a birnin Katsina in muna kwatancen ƙofa. Tarihin sananne ne. A 1807 mutanen Shehu Usmanu, da Malam Ummarun Dallaje a cikin jagororinsu, suka ci Katsina. Gidan sarautar da aka tarar ya fita, ya yi shekaru yana neman matsuguni, har Ɗan Kasawa ya kafa zama a bakin gulbi wajen 1819. Gobirawa ma haka ta faru da su: Alkalawa ta faɗi a 1808, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 kuma suka gina Tsibiri, 'yan kilomitoci kaɗan daga Maraɗi. Garuruwa biyu ke nan maƙwabtan juna, kowanne waɗanda aka raba da gidajensu ne suka kafa shi.

Shekara 200 bayan nan sai ga jikokin waɗanda aka baro a kudu sun biyo sawu, da ƙafa, da goyo, cikin dare. Daga watan Afrilun 2019 'yan bindigar daji suka matsa wa ƙauyukan Sabon Birni da Isa a Sakkwato, da na Zurmi da Shinkafi a Zamfara, da namu na Jibiya da kewaye, mutane suka dinga tsallaka iyaka, akasarinsu mata da yara. Cikin makonni kaɗan hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, wadda a can suke kira HCR, ta ƙirga kimanin mutum 20,000. Kafin damina ta ɗauke sun wuce 40,000. A Afrilun 2020, watan da aka kashe mutum 47 a yankin Ɗanmusa da Dutsin-Ma, wasu 23,000 suka ƙara shiga Nijar. Zuwa farkon Maris na 2021 'yan Nijeriya 77,000 ne ke fake a jihar Maraɗi kaɗai.

Goggona tana cikinsu. Aure ne ya kai ta wani ƙauye yamma da Jibiya tun ban san kaina ba, can ta tsufa, can ta binne mijinta. Da zama ya gagara sai ta kwashi jikokinta ta yi arewa, ta sauka a wani ƙauye na ƙasar Madarunfa inda dangin kishiyarta suke. Ita na je gaisarwa. Amma abin da na dawo da shi ya wuce labarin lafiyar goggo, domin na ga yadda mai kaki zai iya zama mutumin da baƙo ke nema idan ya shiga damuwa, kuma tun da na gani ban daina tunanin garinmu ba.

Na tashi da sassafe bayan girbin gero na 2024. A watan Maris na shekarar aka sake buɗe iyaka, bayan watannin da ta yi a rufe sanadin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Tafiyar daga Katsina zuwa Maraɗi ba nisa, kilomita 90 ne ko kusa da haka: Jibiya, Magama, Ɗan Isa, sai Maraɗi. Gulbin Maraɗi ma wannan shiyyar yake bi. Daga ƙasarmu ya taso, ya cika madatsar Jibiya, ya shiga Nijar ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya komo Nijeriya ya faɗa Rima. Ruwan saman shekarar ya yi wa jihar Maraɗi ɓarna ƙwarai, a gefen hanya ana ganin gidajen ƙasa da suka zube ba a kai ga tayar da su ba.

Bayan mun wuce Ɗan Isa jandarmomi suka tsayar da motarmu. Ɗaya ya leƙo ya ce sannunku da hanya, a fito da takardu. Kowa ya miƙa abin da yake da shi. Kusa da ni wata tsohuwa ce da yara biyu, daga jin harshenta ka san Bagobira ce ta wajen Sabon Birni. Ta kwance haɓar zane ta fito da takarda a naɗe cikin leda. Jandarman ya buɗe, ya dubi hotuna, ya dubi yaran.

"Inna, ina ɗayan? Uku nake gani a nan."

"Yana gida, ɗana. Zazzaɓi ke damunsa."

"Allah ya ba shi lafiya. A kai shi likita fa, kada a tsaya ga maganin kasuwa. In bai kai shekara biyar ba, ba a biyan komai."

Ya naɗe takardar yadda ya same ta, ya mayar mata, aka ɗage igiya muka wuce. Tsohuwar ba ta ko gyara zama ba, alamar abu ne da ta saba. Ni kuwa sai da na waiwaya na sake dubansa. Abin da ya faɗa gaskiya ne, tun 2006 Nijar ta sanya duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ya san takardar. Ya san wanda ya ba da ita, ya san abin da take nufi, bai juya ta yana neman aibi ba.

Wannan takarda kuwa tana da tushe. Nijar tana da dokar 'yan gudun hijira tun 1997, da hukumar ƙasa mai tantance wanda ya cancanta, a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Ita da HCR suke bin ƙauyuka suna rajista: a rubuta mai gida da iyalinsa, a ɗauki hoto, a ɗauki hoton yatsu da ƙwayar ido, a ba su shaida. Wanda bai taɓa gudu cikin dare ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Wanda aka tashe shi da harbi ba ya tsayawa neman kati, yawancin mutanen karkara ma da ma ba su da takardar haihuwa balle wani abu. Mutum marar takarda kuwa a bakin kowane shinge abin tuhuma ne, ko abin tatsa. Ba zai je kasuwa da natsuwa ba, ba zai kai mara lafiya birni ba, in an cuce shi ba zai tunkari ofis ba, don tambayar farko da za a yi masa ita ce waye kai. Ranar da aka ba shi shaida, kuma aka koya wa wanda ke tsaye a shinge ya karɓe ta ba gardama, ranar ya fara zama a gari. Taimakon farko da ɗan sanda zai yi wa mai gudun hijira ke nan, kuma ba ya cin ko dala.

Masu kaki a Nijar kashi-kashi ne. 'Yan sanda suna cikin birane da mashigan iyaka, ofishinsu ake kira komisariya. Karkara ta jandarmomi ce, su kuma a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro suke, kodayake aikin bincike da kama mai laifi suke yi kamar 'yan sanda. Sai askarawan Garde Nationale masu gadin hukumomi da gidajen kaso da sintirin ƙauyuka. Tun da yawancin masu hijirar a ƙauye suka sauka, jandarma ne ɗan sandansu. Duk wanda na yi magana da shi a cikinsu da Hausa muka yi, Faransanci sai in za a rubuta. (A 2025 ma gwamnatin ƙasar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.) Wannan sa'a ce babba da masu hijira a wasu nahiyoyi ba su samu ba: macen da aka zalunta tana faɗin abin da ya same ta da bakinta, ba tafinta a tsakani.

Na iske goggo ta rame amma hankalinta a kwance. Ɗaki guda aka ba ta a wani gida, tana ɗan surfe da sayar da ƙuli-ƙuli, an kuma ara wa babban jikanta wata 'yar gona. Ta ce daren da suka iso, ƙofar mai gari aka kai su. Ya sa aka ba su ruwa da fura, ya rarraba su gidaje, da gari ya waye ya aika wa sarkin ƙasa da jandarmomi cewa ya yi baƙi kaza, daga gari kaza. Tun kafin masu rajista su zo, an san da su.

A bakinta na ji labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Babban jikan nata saurayi ne, bai kai ashirin ba. Kamar yadda da yawa suke yi, yakan saci jiki ya koma garinsu ya dubo ko akwai abin da ya rage a rumbu, ya kwana ɗaya ya dawo. Wata rana ya dawo, a daren kuma aka kore shanun wani mutum a ƙauyen gaba. Kafin azahar magana ta gama gari: yaron nan ɗan Nijeriya shi ne ke kai rahoto, ai an ga yana yawan waya, ai jiya ba ya nan. Samari suka fara taruwa da sanduna. Mai gari ya aika aka kawo yaron zaurensa, ya zauna a bakin ƙofa, ya kira shugaban jandarmomin yankin a waya.

Suka zo. Suka ɗauki yaron, amma ba shi kaɗai ba, sun ce wani babba daga danginsa da wakilin mai gari su shigo motar. A ofis aka yi masa tambayoyi, aka duba wayarsa, aka kira mutanen da ya ce sun gan shi. Dokarsu ta ce kada a riƙe mutum don bincike fiye da awa 48 sai da izinin mai gabatar da ƙara, shi kuwa kwana ɗaya ya yi. Washegari shugaban da kansa ya dawo da shi. Ya jira aka idar da la'asar, ya tsaya a ƙofar masallaci yaron na gefensa, ya fara da gaida mai gari.

Goggo ta ce ita tana daga bayan danga tana ji. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga yaronka mun dawo da shi. Mun bincika, ba mu same shi da komai ba. Wanda yake da wata shaida, ƙofarmu a buɗe take. Wanda kuma ya ɗaga masa hannu, da mu yake." Sannan ya juya ga yaron ya ce daga yau in zai tsallaka ya faɗa wa mai gari, in ya dawo ya faɗa masa.

Na jima ina juya wannan a raina. Sakin wanda ba shi da laifi ba abin yabo ba ne, haƙƙinsa ne. Amma da a bakin ofis aka sallame shi ya tako gida shi kaɗai, zargin yana nan a wuyansa. Za a ce kuɗi aka ba da, ko a ce a bari dai a gani. Gobe in aka sake sata, shi za a fara nema, wataƙila kuma wannan karon ba wanda zai tsaya kiran waya. Mutumin nan ya fahimci cewa baƙo ba shi da dangin da za su tsaya masa, ba shi da tarihin da gari zai tuna ya ce a'a, mun san ubansa. Don haka ya ara masa nasa mutuncin a gaban jama'a. Fetur ɗin zuwa da dawowa kawai abin ya ci, sai kuma sanin ya kamata.

Mutanen yankin sun san inda zargin jimla yake kaiwa. A Toda, cikin ƙasar Gidan Runji, a watan Oktoban 1991, rigimar manoma da makiyaya ta ƙare da kashe Fulani sama da 100, yawancinsu mata da yara. Har yau manya suna ambaton ranar da sanyin murya. Mu ma muna da namu. Mun ga yadda kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa duk wanda suka ga dama a kasuwanni ya ƙara wa wutar daji ƙarfi, mun kuma ga abin da ya sami mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025, mutanen da aka ga baƙi ne aka yanke musu hukunci a titi. A cikin masu hijirar Maraɗi akwai Fulani, waɗanda su ma an kore musu shanu an ƙone musu ruga, su ne kuma zargi ya fi saurin hawa kansu. Jami'in da ya kare irin waɗannan daga taron gari, a ganina, ya yi aikin tsaro daidai da wanda ya shiga daji.

Akwai abin da ya sa mai gari ya iya zama a bakin ƙofa aka saurare shi. A Nijar sarautar gargajiya tana cikin tsarin mulki a dokance. Dokar 2015 ta fayyace matsayin sarakuna da masu gari, ta ba su ikon sasanta rigimar gona da aure da bashi, su rubuta takardar sulhu da hukuma ta san da ita. Tun 1993 kuma akwai dokar karkara da ta kafa kwamitocin ƙasa, masu shata burtali da shaida aron gona, ana kuma sanar da ranar da za a saki gonaki dabbobi su shiga. Saboda haka in akuyar baƙo ta ci waken ɗan gari, ko aka yi saɓani kan iyakar gonar aro, maganar a zaure take ƙarewa. Jandarma ba ya shiga sai an zubar da jini, ko an yi sata, ko an keta haddin mace. Wannan rabon aiki ya rage wa mai kaki kaya, ya kuma tsare masa kwarjini. Ba kullum ake ganinsa yana jan mutane kan abin da bai kai ya kawo ba, shi ya sa ranar da ya zo ake yin shiru.

Daga Madarunfa na koma Maraɗi na kwana gidan wani abokin kasuwancin mahaifina. Garin ya cika ya batse, babura da adaidaita ko'ina, naira da sefa suna yawo hannu da hannu a babbar kasuwa. Ɗansa ne ya kai ni yamma, ta Tsibiri, don in ga ƙauyukan da aka mayar da wasu masu hijirar.

Uku ne: Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Daga ƙarshen 2019 aka fara kwashe waɗanda suka yarda daga bakin iyaka ana kai su can, zuwa Maris na 2021 an kai sama da mutum 11,000. Dalilin a fili yake. Ƙauyen da ke jifa ɗaya da iyaka, wanda ya kore ka yana iya biyo ka da babur cikin rabin awa. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka kan 'yan gudun hijira, wadda aka sa wa hannu a Addis Ababa a 1969, ta ce a zaunar da su nesa da iyakar ƙasar da suka baro gwargwadon hali, ta kuma ce ba da mafaka aikin jinƙai ne, kada wata ƙasa ta ɗauke shi gaba. Abin da Nijar ta ƙara shi ne ta ƙi yin sansani mai shinge. Sai aka zaɓi ƙauyukan da da ma akwai mutane, aka yanka fili a gefensu, aka kawo famfo da ɗakin likita da azuzuwa da rumfunan kasuwa, aka ce na kowa ne, ɗan gari da baƙo.

A wanda na shiga, ba wanda ya tare ni a ƙofa, don babu ƙofar. Mata na layin ruwa, ba ka iya rabe wace ce 'yar gari. Yara sun taso daga lakwal, wato makaranta, da jakunkuna iri ɗaya. Ta fuskar tsaro wannan dabara ce mai zurfi. Inda aka killace baƙi ana kai musu buhuna ɗan gari yana kallo da yunwarsa, ƙiyayya ce ake shukawa, mai kaki ne kuma zai girbe ta. Inda zuwan baƙo ya kawo wa gari famfon da ya shekara yana roƙo, ɗan gari da kansa ne mai gadin baƙon.

Na zauna da wani dattijo cikin shugabannin masu hijirar, a ƙarƙashin rumfar kara. Suna da kwamiti, maza da mata, da suke zama da mai gari. Ya nuna mini wayarsa, 'yar ƙaramar nan mai tocila, ya ce lambar shugaban masu tsaro tana ciki, tasa ma tana wajensu.

Na ce, "Baba, in ka kira ana ɗauka?"

Ya ce, "Ana ɗauka, ɗana. Wani lokaci su ce ba mota, sai an jima. Amma ana ɗauka, kuma ana zuwa."

Ya ce ranar kasuwa sukan ga motar sintiri ta zo ta tsaya a inuwa, a sha shayi, a gaisa, ta wuce. In baƙuwar fuska ta kwana a gari, su ne na farko da za su faɗa, domin su suka fi kowa sanin fuskokin waɗanda suka kore su, sun san muryoyinsu, sun san hanyoyin da suke bi. Nan na ga ribar abin a fili. Mai hijirar da yake tsoron ɗan sanda zai ga ɓarawo ya kawar da kai. Wanda aka mutunta kuwa shi ne ido da kunnen da ba a biya.

Maganar mata ta fi nauyi, ban kuma yi ta da su kai-tsaye ba, ta bakin wata ma'aikaciyar lafiya na ji. Da yawansu sun iso da raunin da ba a faɗa, wasu da ciki. Wasu kuma a nan ɗin, wajen itace ko a hannun wanda ya ga ba su da mai tsaya musu, abin yake samunsu. 'Yan sandan Nijar da jandarmominta suna da sassan da aka ware don kare mata da ƙananan yara. Ta ce abin da suka koya shi ne mace ba za ta tako ofis cike da maza ta buɗe baki ba. Sai dai ta faɗa wa ungozoma ko wata 'yar kwamiti, a fara kai ta likita, sannan in ta yarda a kira jami'in ya zo inda take, a ɗaki, ba a gaban jama'a ba. Na ji daɗin jin cewa akwai masu kakin da suka yarda su bi wannan doguwar hanyar.

Ba aljanna na je ba. 'Yan bindiga suna tsallakawa, dajin Baban Rafi bai da tsaro, ana sace mutane ana kore dabbobi a ƙasar Madarunfa da ta Gidan Runji, har dubban 'yan Nijar ɗin su ma sun bar ƙauyukansu. Abincin agaji ya ragu, yunwar yara tana cika asibitocin Madarunfa da Ɗan Isa duk damina, kamar yadda take cika na Katsina. Direbobin kaya kuma suna kukan yawan shingaye a kowane gefen iyakar. Sai dai wannan ne ma ya ƙara mini ganin girman abin. Ƙasar da ake lissafawa cikin mafi talauci a duniya, jami'anta ba su da isassun motoci, ita kanta tana cikin yaƙi a yamma da gabas, amma ta karɓi dubun-dubatar mutanenmu ba ta koro su ba. A Disambar 2018 ma ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta yi doka ta musamman don kare waɗanda suka yi hijira a cikin gida, bisa yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Kampala.

Wannan dokar ce ta dawo da tunanina birnin Katsina. Namu masu hijirar ba su tsallaka iyaka ba. Daga Batsari suke, da Safana, da Ɗanmusa, da Ƙanƙara, da Jibiya. A Maris na 2022, da aka janye sojoji daga Shimfiɗa, dubban mutane suka kwararo Jibiya aka zuba su a makarantar 'yan mata ta gwamnati, wannan kowa ya gani. Waɗanda ba a gani su ne masu shigowa birni ɗai-ɗai, su raɓe a kangaye da gidajen da ba a gama ginawa ba a bayan gari, matan su fita wanki ko bara, yaran su bazu a tasha. Da yake 'yan ƙasa ne, babu takardar hijira da za a ba su, da yawa kuma ba su da lambar shaidar ɗan ƙasa. In aka fasa shago a unguwa, kangon ake fara nunawa. In aka taɓa 'yarsu, shiru suke yi, don suna tsoron mai kangon ya ce su tashi.

Kayan aikin duk muna da su. Muna da masu unguwa da dagatai da hakimai. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a yana nan tun 1984. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da askarawan tsaron jiha, matasa sama da 1,400 a rukunin farko, 'ya'yan yankunan da abin ya shafa, waɗanda da yawansu sun san garuruwan da mutanen nan suka baro. Abin da ban gani ba shi ne wanda ya ɗauki mai hijira a matsayin wanda ake yi wa aiki.

Ina ganin kowane mai unguwa zai iya riƙe littafi: gida kaza, daga gari kaza, mutum kaza, suna zaune a kangon wane da saninsa. Ya sa hannu ya ba mai gidan 'yar takarda. Baturen 'yan sandan yankin ya san da littafin, ya gaya wa yaransa na sintiri cewa takardar mai unguwa shaida ce, a kuma nemi masu rajistar katin ɗan ƙasa su zo unguwar maimakon a jira tsohuwa ta je layi. Ya taka da ƙafarsa zuwa inda suke zaune, da rana, ba da jiniya ba, ya gaida dattawansu, ya ba su lambar da za a ɗauka. Ya sa 'yar sanda mace ta riƙa leƙa matan tare da ungozomar unguwa. Rubutun nan da ke bangon ofisoshi mai cewa beli kyauta ne ya zama gaskiya a kan wanda ba shi da ko kuɗin koko. In kuma aka kama ɗansu bisa zargi aka ga ba shi da laifi, a dawo da shi gaban mai unguwa da liman a faɗa da babbar murya.

Akwai haɗari a littafin, na sani. Sunayen mutane a hannun hukuma suna iya zama jerin waɗanda za a fara kamawa ko a kora. Shi ya sa ya kamata ya zauna a hannun mai unguwa, dattawan masu hijirar su san abin da ke ciki, kuma amfaninsa na farko da za su gani ya zama gurbin makaranta ga yaro ko katin asibiti, kafin a taɓa buɗe shi don neman mai laifi. A Maraɗi abin da ya sa mutane ke bin layin rajista da kansu shi ne sun ga takardar tana buɗe musu hanya.

Na kai wa mai unguwarmu wannan magana bayan sallar isha'i. Ya saurara har na gama, ya ƙirga da yatsunsa kangayen da ya san akwai mutane a ciki, ya ce akwai biyu da shi kansa bai san daga ina masu zamansu suka fito ba. Ya ce zai fara da su, in ya gama zagayawa kuma zai nemi liman su je ofishin 'yan sanda tare.